Horon aikin lauya a Saudiyya kan gidaje da haƙƙin mata: ta wace ƙofa ɗaliba za ta shiga?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni haifaffiyar Jidda ce, iyayena 'yan Najeriya ne, da iƙama nake zaune a ƙarƙashin mahaifina. Ina shekara ta uku a karatun lauya a nan. Tun da aka rushe unguwarmu nake da burin yin aiki a kan dokokin gidaje da kare haƙƙin mata. Ina zan nemi horon sanin makamar aiki, kuma me ya kamata in shirya?

Wa alaikumus salam, ƙanwata. Allah ya yi wa karatu albarka.

Kafin mu kai ga sunan ofis ko ƙungiya, sai mun fara da takardar da ke cikin jakarki, domin ita ce ke raba hanya a ƙasar nan. Dokar aikin lauya, Nizamul Muhama ta 2001, ta ce sai ɗan ƙasa ake sa sunansa a jadawalin lauyoyi na Ma'aikatar Shari'a. Haka ma rajistar lauya mai koyon aiki, wanda ake ƙirga masa shekarunsa har ya kai ga lasisi. A da shekara uku ake nema ga mai digirin farko, gyaran 2022 ya mayar da ita biyu. Mata sun fara karɓar lasisi a 2013, Bayan al-Zahran na cikin na farko, ta kuma buɗe ofishinta a nan Jidda a farkon 2014. To, wannan duk hanyar 'yar ƙasa ce, haka shi ma shirin horon masu digiri na Tamhir, na asusun gwamnati na Hadaf, da ke biyan riyal 3,000 a wata. Na faɗa ne saboda akwai Hausawa da yawa masu jinsiyya, wato takardar zama ɗan ƙasar Saudiyya, da za su karanta wannan amsa, su ƙofarsu a buɗe take ta Najiz, shafin intanet na Ma'aikatar Shari'a. Wadda mahaifiyarta 'yar ƙasa ce ita ma tana da sauƙi, don a wajen aikin kamfanoni ana ɗaukar ta kamar 'yar ƙasa.

Ke kuwa ƙofarki ita ce tadrib ta'awuni, horon da jami'a ke tura ɗalibanta a matsayin kwas mai maki. Ki riƙe shi da hannu biyu. Iƙamar da ke ƙarƙashin uba ba ta ba da izinin aiki, dokar ƙwadago kuma ta hana baƙo yi wa wanda ba mai ɗaukar nauyinsa ba aiki. Abin da ke raba ki da wannan laifi shi ne wasiƙar jami'a mai ɗauke da sunanki, lambar ɗaliba, sunan wurin horo, ranar farawa da ranar gamawa. Kada ki taka ofishin kowa da sunan horo sai wasiƙar ta fita, an kuma sa mata hannu a can. In wani ofis ya ce ki zo kawai, za a riƙa ba ki ɗan abin mota a hannu, takarda ta biyo baya, ki yi godiya ki tafi. Ranar da masu bincike suka shigo, ke da mahaifinki ne za ku amsa tambaya.

Akwai tarko na biyu da ya fi kama masu zuciyar taimako. Da zarar an ji a unguwa cewa 'yar gidan wane tana karatun lauya, mata za su fara sallama da takardu a leda. Ki karanta musu, ki bayyana musu abin da takarda ta ce, ki nuna musu inda za su je. Amma kada ki kira kanki lauya, kada ki karɓi kuɗi don rubuta ƙara, kada ki karɓi lambar sirrin kowa ta Abshir, manhajar Ma'aikatar Cikin Gida ta harkokin iƙama da fasfo. Wanda ya yi sojan gona da sunan lauya, hukuncinsa ɗauri har shekara ɗaya, ko tarar da ba ta gaza riyal 30,000 ba, ko duka biyun.

Yanzu ga ainihin fagen. Ɗalibai da yawa na ɗaukan gidaje fanni ɗaya, haƙƙin mata wani fanni daban, sai su rasa wurin da ke yin su tare. A kotu kuwa a fayil ɗaya ake samun su, kuma kusan kullum tambayar ɗaya ce: sunan wa ke jikin takarda? Sunan wa ke kan kwantiragin haya, sunan wa ke kan sakk, wato takardar mallakar gida, an rubuta auren ko ba a rubuta ba, an rubuta sakin ko ba a rubuta ba. Wanda ya iya bin waɗannan takardu ya fi wa mace amfani fiye da wanda ya haddace yarjejeniyoyin duniya.

Ta ɓangaren gidaje, ki fara da Ijar. Ita ce hanyar intanet da gwamnati ta kafa don rajistar haya, ta fara aiki a 2018, yanzu tana hannun Hukumar Gidaje da Filaye, wato Hai'atul Aƙar. Abu biyu ne suka sa ta zama ƙashin bayan aikin. Na ɗaya, Majalisar Ministoci ta yanke cewa kwantiragin hayar da ba a yi wa rajista a cikinta ba, ba a ɗaukar sa ingantacce a wajen hukuma da kotu. Na biyu, wanda aka yi wa rajista kansa sanad tanfizi ne: mai gida ba ya buƙatar shigar da ƙara a saurari shaidu, kai tsaye yake wucewa kotun zartarwa. Tun Janairun 2024 kuɗin hayar gidajen zama ta hanyoyin Ijar ake biya. Ladan dillali kashi 2.5 cikin ɗari ne na hayar shekarar farko, sai in an yi yarjejeniya a rubuce a kan wani adadi. A Satumban 2025 aka dakatar da ƙarin kuɗin haya a cikin birnin Riyad na tsawon shekara biyar, aka kuma sa kwantiragi ya riƙa sabunta kansa a ko'ina a ƙasar in ba wanda ya sanar da ɗan'uwansa kwana 60 kafin ƙarewarsa. Ki lura, dakatar da ƙarin na Riyad ne. Mutane a Jidda da Makka sukan ji labari a WhatsApp su zo suna cewa mai gida ba shi da ikon ƙari.

Daga nan sai manufofin gwamnati: burin Hangen 2030 na kai mallakar gida ga kashi 70 cikin ɗari na iyalan 'yan ƙasa daga kashi 47 a 2016, shirin Sakani da aka fara a 2017, asusun bunƙasa gidaje da ke nan tun 1974, harajin filayen da aka bari fayau a cikin gari wanda aka kafa a 2015 a kan kashi 2.5, aka ɗaga shi a 2025 har zuwa kashi 10. Ki san su don jarrabawa da hira da masu ɗaukar horo, amma ki sani tallafin na 'yan ƙasa ne. Yawancin mutanenmu masu iƙama 'yan haya ne, dokar da ke taɓa rayuwarsu ita ce babin haya a Nizamul Mu'amalatil Madaniyya, wadda ta fita a 2023 ta fara aiki a Disambar shekarar.

Rusau ɗin da kika ambata ya fara ne a ƙarshen 2021, ya ci unguwanni sama da 60 a Jidda, cikinsu har da Sabil, Karantina, Gulail, Kandara da Hindawiyya, inda Hausawa suka daɗe da zama. Ƙa'idar diyya ita ce mai sakk a biya shi fili da gini, wanda ba shi da sakk a biya shi ginin kawai, kuma 'yan ƙasa aka yi wa tsarin. Ɗan haya ba ya cikin lissafi. Abin da ya rage masa a shari'a shi ne kuɗin watannin da ya riga ya biya bai zauna ba, domin ƙa'idar fiƙihu ce cewa haya tana warwarewa in abin da aka yi haya ya halaka. Wannan kuwa mai gida ake bi, ba hukuma ba, kuma sai da shaidar biya. Wanda ya miƙa kuɗin wata shida a hannu ba rasit, sai dai rantsuwa. Ƙorafi kan shawarar hukuma game da diyya Diwanul Mazalim, kotun da ke sauraron ƙarar hukumomi, ake kai shi, wa'adinsa kwana 60, in ya wuce ya wuce.

Ta ɓangaren mata, littafinki na farko shi ne Nizamul Ahwalish Shakhsiyya, dokar iyali da ta fita a Maris 2022 ta fara aiki bayan kwana 90. Ki karanta ta daga farko har ƙarshe, ba ta da tsawo. Nafaƙa a cikinta ta haɗa ci, sutura, masauki da buƙatun yau da kullum. Ba a sauraron ƙarar nafaƙar mace ta baya da ta wuce shekara biyu daga ranar shigar da ƙara, don haka duk watan da aka ɓata ana jiran dattawa su sasanta, wani wata ne ke zubewa ta baya. Miji wajibi ne ya rubuta saki a hukumance cikin kwana 15, in bai yi ba kuma matar ba ta sani ba, tana da haƙƙin diyya. Riƙon yara uwa ce kan gaba, sai uba, sai kakar wajen uwa, sai kakar wajen uba. Yaro in ya kai 15 ya zaɓa, riƙo ya ƙare a 18. Wadda mijinta ya rasu tana da haƙƙin zama a gidan aure har ta gama takaba.

A nan akwai wurin da ɗaliba Bahaushiya ke tuntuɓe, kuma ba don rashin karatu ba. Mu a gida Malikiyya muka tashi a kai. A mazhabar Imamu Malik, wadda aka yi wa saki ba'ini tana da masauki har ta gama idda ko ba ta da ciki, riƙon 'ya mace kuma yana hannun uwa har a kai ta ɗakin miji. Dokar nan ta ce wadda aka yi wa saki ba'ini ba ta da nafaƙa sai in tana da ciki, riƙo kuma ga shekarun da na faɗa. Mace za ta zo miki da abin da malamin unguwa ya gaya mata, shi ma bai yi ƙarya ba, amma alƙali da nassin doka zai yi hukunci. Wanda ya rubuta ƙara a kan abin da ya ji a makarantar allo ya jawo wa matar asarar zama guda a banza. Inda masauki ke dawowa hannun uwa bayan saki shi ne ta hanyar yara: mazauninsu na cikin nafaƙar da ke kan ubansu, saboda haka kuɗin haya ake nema da sunan yaran da take riƙo.

Sauran dokokin ki bi su da sauri: dokar kariya daga cutarwa ta 2013 da lambar kai rahoto 1919, dokar hana cin zarafi ta hanyar lalata ta 2018, gyare-gyaren 2019 da suka ba mace mai shekara 21 damar yin fasfo da tafiya da kanta, suka kuma ba ta damar rajistar haihuwa da aure da saki, sai gyaran 2021 da ya cire tilasta miƙa mace ga waliyyinta daga jerin hukunce-hukuncen gaggawa. Saudiyya ta shiga yarjejeniyar CEDAW ta Majalisar Ɗinkin Duniya kan kawar da wariya ga mata a 2000 da sharaɗin ba za ta bi abin da ya saɓa wa Shari'a ba, ba ta kuma shiga yarjejeniyar haƙƙoƙin tattalin arziki da zamantakewa ba, wadda a cikinta ne haƙƙin samun matsuguni yake. Ki kawo su a rubutun makaranta. A takardar ƙara ba su da gurbi.

Bari in nuna miki irin fayil ɗin da za a iya ajiye miki a tebur. Mace da yara uku, shiƙƙa, wato fulat, ɗaki biyu, miji ya bar gida wata huɗu, ya daina biyan haya, mai gida ya turo mata hoton takardar kotu a waya. Mai koyo marar horo zai fara da cewa ta kwantar da hankalinta, ba mai fitar da ita. Mai horo zai fara da tambaya. Kwantiragin yana Ijar? In yana ciki, da sunan wa? In da sunan miji ne, ita ba ɓangare ba ce a shari'ar, ba ta da bakin magana a fayil ɗin zartarwa, sanarwa ma wayar miji take zuwa. Takardar da aka turo wace iri ce? In ita ce wadda ake kira ƙarar 34, wato matakin da kotu ke ɗauka bisa sashe na 34 na dokar zartarwa, to umarnin biya ne, kwana biyar ake bayarwa daga ranar sanarwa, bayansa sai ƙarar 46 mai hana fita ƙasa da taɓa asusun banki, fitarwa daga gida kuma tana tafe. Kenan ba watanni ke gabanta ba, kwanaki ne.

Sai a juya ga auren. Akwai takardar aure ta hukuma, ko a masallacin unguwa aka ɗaura aka tashi? In a Najeriya ko Nijar aka ɗaura, an buga wa takardar hatimin ofishin jakadanci da na Ma'aikatar Harkokin Waje? In babu, ƙarar tabbatar da aure ce ke gaba da ta nafaƙa, da shaidunta. Ya sake ta ko dai ya tafi ne kawai? A nan Hausarki za ta yi aiki: kada ki rubuta "ya sake ni" sai kin ji lafazin da ya furta, da ranar, da ko a rubuce ne ko a baki, da saki na nawa ne, domin wata yaji ta yi, wata kora aka yi mata, wata kuma saƙon murya ne a waya. Iƙamarta a ƙarƙashin wa take, yaushe za ta mutu? Lambar wayar da ke kan Abshir ɗinta tata ce ko ta miji? Wannan ƙaramar tambaya ta ƙarshe ta rusa shari'o'i masu yawa, saboda saƙon da kotu ta tura wa lambar da ke Abshir sanarwa ce cikakkiya a doka. In wayar na aljihun miji, za a yi zama ba ta sani ba.

Bayan an tattara wannan, lauya zai shigar da ƙarar nafaƙa ta Najiz a kotun iyali, tare da roƙon nafaƙar wucin gadi kafin a gama shari'a. Mace tana da zaɓin shigar da ƙara a garin da take zaune. Shari'o'in iyali ba a biyan musu kuɗin kotun da dokar 2021 ta sa wa sauran ƙararraki, wanda kan kai kashi 5 cikin ɗari na abin da ake nema. Yawanci sai an bi ta sulhu a dandalin Taradi, takardar sulhun da aka amince da ita kuma tana da ƙarfin hukunci, don haka a rubuta adadin haya da ranar biya da lambar asusu ƙarara, kada a rubuta "zai riƙa kula da su gwargwadon hali". Hukuncin nafaƙa ana zartar da shi nan take, ana iya cire har rabin albashi dominsa, alhali sauran basussuka sulusi ne. A gefe guda kuma a nemi mai gida a yi magana: sau da yawa ya fi son sabon kwantiragi da sunan matar, in iƙamarta na da rai, a kan ya bar shiƙƙa a rufe. Aikin mai koyo a duk wannan shi ne jera ranaku a takarda ɗaya, haɗa hujjoji, da rubuta daftarin farko. Hotunan hirar WhatsApp da rasit na banki hujja ne ƙarƙashin dokar shaida da ta fara aiki a 2022, amma a ajiye wayar da hirar take ciki, kada a goge, kada a yanko rabin magana.

To ina za ki nema? A ganina ofishin lauya ƙarami ko matsakaici da ke yin shari'o'in iyali da na haya ya fi miki komai. Manyan ofisoshin kamfanoni suna da suna a takarda, amma za ki iya gama wata uku kina fassara kwantiragi ba ki ga fuskar mai ƙara ba. Na biyu, ƙungiyoyin jin ƙai masu rajista da ke da sashen shari'a. Akwai Mawadda ta Riyad, mai aiki kan saki da abin da ke biyo bayansa, wadda ta shahara da shirin horar da mata masu digirin lauya. Akwai al-Mawadda ta bunƙasa iyali a nan Jidda. Sunan ya yi kama amma ƙungiyoyi biyu ne, kada ki aika wa ɗaya wasiƙa da adireshin ɗayar. Akwai an-Nahda a Riyad, tun 1962 take aikin mata. Na uku, sashen shari'a na kamfanonin gine-gine da masu kula da gidajen haya. Wasu ɗalibai na ƙyamar wannan don gefen mai gida ne, ni kuwa ina ganin babu inda za ki koyi Ijar da zartarwa da sauri kamar can, wanda ya san yadda ake fitar da ɗan haya shi ya san inda ake tare fitarwar. Hukumar Kare Haƙƙin Ɗan Adam ta gwamnati da aka kafa a 2005, ƙungiyar ƙasa ta kare haƙƙin ɗan Adam ta 2004, da ma'aikatun gwamnati, 'yan ƙasa suke sa wa gaba, sai dai ki bari jami'a ta tambaya miki. Kasancewarki a Jidda kuma wata dama ce: hedikwatar Ƙungiyar Haɗin Kan Ƙasashen Musulmi da hukumarta ta haƙƙin ɗan Adam da Bankin Raya Ƙasashen Musulmi duk a nan suke, Najeriya kuma mamba ce, fasfonki ba cikas ba ne a wurinsu. Aikinsu bincike ne da rubuta rahoto, ba shari'a ba.

Ki fara nema zango ɗaya kafin lokacin horo. Ki je sashen horo na kwalejinku ki karɓi jerin wuraren da suka taɓa karɓar ɗalibai, ki tambaya wanne ya taɓa karɓar mai iƙama. Takardar bayanin kai shafi ɗaya da Larabci, ta Turanci sai in wurin na ƙasa da ƙasa ne. Ki rubuta Hausa a jerin harsunanki, kada ki ɓoye, ofishin da ke kudancin Jidda ko Makka ya san darajarta. Abin da zai bambanta ki da sauran shi ne samfurin rubutu shafi biyu ko uku. Ki ɗauko hukunci ɗaya na nafaƙa ko na haya daga waɗanda Ma'aikatar Shari'a ta wallafa, ki taƙaita abin da ya faru, ki fitar da tambayar shari'a, ki nuna madogarar alƙali, sannan ki faɗi yadda hukuncin zai kasance a ƙarƙashin sabuwar doka. Nassin doka ki ɗauko shi daga shafin Hai'atul Khubara ta Majalisar Ministoci ko jaridar gwamnati ta Ummul Ƙura, ba daga hoton da ke yawo a waya ba, don dokokin nan gyara ake yi musu a kai a kai. A hira ki tambayi abu uku: wane lauya ne zai duba aikinki, za a bar ki ki zauna a zaman kotu na bidiyo, kuma za a cike miki takardar kimantawar jami'a a kan lokaci.

In kin shiga, kurakuran da aka fi yi sanannu ne. Lissafin wa'adi shi ne babba. Ɗaukaka ƙara kwana 30 ne, a shari'ar gaggawa kwana 10. Ƙananan ƙararrakin kuɗi da ba su wuce riyal 50,000 ba, ba a ɗaukaka su, yawancin rigimar haya kuma a nan take faɗawa, kenan duk hujjar da ba a kawo a kotun farko ba ta tafi. Tun 2023 hukuma da kalandar Miladiyya take lissafi, amma abin da ya rataya ga hukuncin Shari'a, irin idda, da watan Musulunci ake ƙirga shi, tsofaffin kwantiragi da sakkoki kuma da Hijiriyya aka rubuta su. Ki rubuta kowace rana da kalanda biyun. Sai rubutun suna: Hauwa'u a fasfo, Hawwa a iƙama, wani abu daban a takardar aure. Ki daidaita da abin da ke iƙama, ki nuna bambancin tun a takardar farko. Sai sirri, wanda a wurinmu ya fi wuya, domin Hausawan Jidda kusan kowa ya san kowa. In fayil ɗin wadda kika sani ya zo hannunki, ki gaya wa lauya ya ba wani. Kada ki ɗauki hoton takarda da wayarki, kada ki ba da labari a gida ko da an sakaya suna, ana ganewa.

Game da fafutuka kuwa, gara ki ji gaskiya tun yanzu. Yadda ake yi a Legas ko Landan, a kafa ƙungiya, a kira 'yan jarida, a yi gangami a intanet, ba ya yiwuwa a nan. Ƙungiya sai da rajista ƙarƙashin dokar 2015, zanga-zanga haramun ce, sashe na 6 na dokar laifukan intanet ta 2007 kuma ya tanadi ɗauri har shekara biyar da tara har riyal miliyan uku. An kama Lujain al-Hazlul a Mayun 2018, sai Fabrairun 2021 aka sake ta. Salma al-Shihab, ɗalibar digiri na uku a Ingila, an yanke mata shekara 34 a 2022 kan rubutu a Twitter kafin daga baya a rage. Waɗannan 'yan ƙasa ne. Mai iƙama ana ƙara masa da tarhil, wato korarsa daga ƙasar, abin kuma yakan shafi gida gaba ɗaya. Hanyoyin da ke buɗe su ne dandalin Istiɗla, inda gwamnati ke saka daftarin dokoki a yi sharhi kafin a zartar, da ƙorafi a rubuce ga Hukumar Kare Haƙƙin Ɗan Adam, da binciken jami'a da kwamitin ɗa'a ya amince da shi kafin ki yi hira da kowa, da aikin sa-kai ta dandalin sa-kai na ƙasa inda ake rubuta miki awanninki. Sharhi mai kyau a Istiɗla gajere ne: lambar sashe, matsalar da zai haifar, misali ɗaya, da lafazin da kike ba da shawarar a sa a madadinsa. Tara kuɗi ma sai da izini. In tausayin wata ya kama ki, kada ki buɗe asusu a zauren WhatsApp don a biya mata haya, ki tura ta ga ƙungiya mai rajista.

Saura tunanin bayan digiri, don shi zai nuna miki irin horon da za ki fi ba ƙarfi. Wanda ba ɗan ƙasa ba yana iya zama mai ba da shawara a ofishin lauya mai lasisi, amma ana neman shekarun ƙwarewa, an kuma ware kashi 70 cikin ɗari na guraben wannan aiki ga 'yan ƙasa. In kina tunanin zama lauya a Najeriya, digirin waje sai ya bi ta Majalisar Ilimin Lauya, a yi zangon farko na musamman a Makarantar Horar da Lauyoyi, kuma suna duba ko kin yi darussan dokar da aka gada daga Ingila, irin kwantiragi, laifuka, filaye da shaida. Ki rubuta musu da jerin kwasa-kwasanki tun kina shekara ta uku, kada ki bari sai kin gama. In hutun bazara zai kai ki gida, ki nemi wata ɗaya ko biyu a ƙungiyar lauyoyi mata ta FIDA, ko ƙungiyar kare haƙƙin mata ta WRAPA, ko Hukumar Ba da Agajin Shari'a, ko cibiyar da ɗaliban lauya ke ba da taimakon shari'a a Jami'ar Bayero ko ta Ahmadu Bello. A can za ki ga dokar filaye ta 1978 da kotunan Shari'a na Malikiyya suna aiki, za ki kuma ga rabon gado inda gida ɗaya ne kacal magada goma, matar mamaci da tumuninta ba ta san ko za ta kwana a ɗakinta ba. Ki karɓo wasiƙar shaidar horo mai hatimi da kwanan wata daga duk inda kika je, ki sa jami'arku ta amince da shi a rubuce kafin tafiya in kina so a ƙirga miki shi a maki, ki kuma duba ranar mutuwar bizar fita da dawowa da ta iƙama kafin ki sayi tikiti.